Yadda za ka fara da i3 ba tare da ka rushe kwamfutarka ba

Idan za ka gwada manajan taga (manhajar da ke tsara tagogi a kan allo) a Linux, shawarata ita ce ka fara da i3, kuma kada ka cire GNOME ko Xfce ɗin da kake da shi. A Debian ko Ubuntu, rubuta `sudo apt install i3`, ka fita daga asusunka, sannan a shafin shiga ka zaɓi i3. Ranar da abin ya ishe ka, ta nan dai za ka koma gida.

Manajan taga iri biyu ne. Akwai masu barin tagogi su hau kan juna, kana jan su da linzami, irin su Openbox da IceWM. Akwai kuma masu jera su gefe da gefe kamar tayil, ba mai rufe wata. i3, wanda Michael Stapelberg ya fara a 2009, yana cikin na biyun. Na fifita shi a kan dwm, wani mai jera tagogi irinsa, saboda dalili ɗaya: a dwm, ko launi za ka canja sai ka gyara `config.h` ka sake harhaɗa manhajar. xmonad kuwa, wani irinsu, da harshen rubuta manhaja na Haskell ake saita shi. Shi i3 saitinsa rubutu ne zalla.

Farkon shigarka zai tambaye ka maɓallin da zai zama Mod, Alt ko mai tambarin Windows. Ɗauki na Windows, don Alt manhajoji da yawa suna amfani da shi. Daga nan allo zai yi fayau, ba gumaka ba komai sai siririn layi a ƙasa. Bai lalace ba, haka yake.

Mod+Enter yana buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta umarni. Mod+d yana kawo dmenu, ka rubuta sunan manhaja ka danna Enter. Mod+Shift+q rufe taga, Mod+Shift+e fita. Mod da lamba kuma yana kai ka wani filin aikin. Ni burauza tana 1, tamina tana 2, har yatsuna sun haddace. Waɗannan sun ishe ka mako guda.

Sai fayil ɗin saitin i3, wato `~/.config/i3/config`. Kada ka kwaso na wani daga intanet ka liƙa, don ranar da ya ƙi aiki ba za ka san inda gizo ke saƙar ba. Ƙara layi ɗaya, danna Mod+Shift+r, ka ga abin da ya canja. Ka sani i3 ba ruwansa da Wi-Fi ko ƙarar sauti, tagogi kawai ya sani, shi ya sa za ka sa `exec --no-startup-id nm-applet`, mai kawo gunkin Wi-Fi, idan babu layin a fayil ɗin. Mu masu rubuta ƙ da ɗ da ɓ, akwai `setxkbmap ng -variant hausa`, mai mayar da allon rubutu na Hausa.

i3 a kan tsarin nuni na X11 yake aiki; in sabon tsarin, wato Wayland, kake so, ɗauki manajan taga na Sway. Yana karanta yawancin saitin i3, sai dai allon rubutu ta layin `input` ake saita shi a can, `setxkbmap` ba zai yi ba.