Kafin ka tura kayak cikin ruwan Galbeston, duba igiyar wutsiyarsa

Alhamdu lillahi, jama'armu a Hiyuston ta Amurka sun kai matsayin da baƙo ba ya sauka ya rasa mai ɗauko shi daga filin jirgi, ko mai raka shi masallaci da shagon da ake sayar da garin tuwo. Ina alfahari da wannan ƙwarai. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne sabuwar al'adar da ta shigo tsakanin samarinmu: mutum bai cika wata uku a Teksas ba, ya ga hotunan kifi a wayar abokinsa, sai ya shiga Facebook ya sayi tsohon kayak, wato ɗan ƙaramin kwale-kwalen roba, na kamun kifi, ranar Asabar ya kama hanyar Galbeston da ke bakin teku. In ka yi magana ya ce maka shi ɗan Yawuri ne, ko ɗan Argungu, a ruwa ya tashi. Ɗan'uwa, ban ƙaryata ka ba, amma wanda ya koya maka kwale-kwale a kogunan gida bai koya maka iskar mashigin teku ba, kuma kwale-kwalen gida ba shi da igiyoyin juya akala da ke ɓoye a cikin cikinsa.

Saye ba wuya. Ka je da wanda ya daɗe a nan, ku kifa jirgin ku duba ƙasansa ko ya tsage, ku tabbatar lambar jikinsa mai haruffa da lambobi 12 tana nan a gefen baya, mai sayarwa ya rubuta maka takardar ciniki. Kayak marar inji ba ya buƙatar rajista a Teksas, amma ranar da ka ɗaura masa ƙaramin injin batir, rajista ta hau kanka.

Takardar da ba a wasa da ita ita ce lasisin kamun kifi. Duk wanda ya kai shekara 17 sai ya mallake shi, kuma na ruwan gishiri daban yake da na ruwan daɗi. Mafi yawansu suna ƙarewa ranar 31 ga Agusta, ko da a watan Yuli ka saya. In ba ka cika wata shida a jihar ba, farashin baƙi za ka biya, kada ka yi ƙarya a kan wannan. Wasu suna jin cewa a wuraren shaƙatawa na jiha kamun kifi kyauta ne, sai su ɗauka ya shafe su. A gaɓar teku, wannan rangwame na mai tsaye a bakin ruwa ne. Da ka hau kayak ka shiga mashigin, lasisi ya wajaba. Jan kifin nan da ake kira redfish guda uku aka yarda ka riƙe a rana, tsawonsa tsakanin inci 20 da 28. Jami'an kula da daji da ruwa suna zuwa da ma'auni, kuma takardar laifin da za su rubuta maka tana iya biyo ka har ranar cike takardar neman zama ɗan ƙasa, domin ana tambaya a kai. Rigar hana nutsewa da usur dole ne su kasance a jirgin, da farar fitila in duhu zai same ka.

Ka kuma karanta yarjejeniyar hayarka kafin ka kawo jirgi mai ƙafa 12 gida. Ni a ƙofata na tarar da takardar gargaɗi saboda na jingine nawa a baranda, aka ba ni 'yan kwanaki in kwashe ko a ci ni tara, ƙarshe sai garejin wani dattijonmu ne ya rufa mini asiri, Allah ya saka masa da alheri.

To, yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. A bayan yawancin kayak na kamun kifi akwai wani ɗan faranti da ke shiga ruwa, shi ke juya akalar jirgin. Ni wutsiya nake ce masa. Igiyoyi biyu ne ke sarrafa ta, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Suna tasowa daga matakan ƙafa, ko daga ɗan hannun sitiyari a irin na kamfanin Hobie masu feda, su bi ta cikin siraran bututu a jikin jirgin har su fito baya. Akwai kuma wata igiyar ta ɗaga wutsiyar da sauke ta. Mai sayar maka ba zai ce maka sun kusa tsinkewa ba, wataƙila shi ma bai sani ba, tunda lalacewar a ɓoye take. In igiyar ta wayar ƙarfe ce, takan ci tsatsa daidai inda aka matse ta da ɗan zobe, gishiri yana taruwa a nan. Ta zare kuma takan sille a bakin bututu, inda take goga kullum, yashi yana taimaka mata.

Ba a tsakar gida take tsinkewa ba, sai lokacin da ka fi danna ta, wato lokacin da iska ta taso. Da rani iskar kudu ce ke kaɗawa a Galbeston, tana ƙaruwa in rana ta yi. Da sanyi kuwa iskar arewa kan faɗo farat ɗaya, har ta kore ruwan mashigin ya janye ya bar laka da kawa masu yanka ƙafa. In igiya ɗaya ta tafi, wutsiyar sai ta kwanta gefe guda, kana tuƙi jirgin yana zagaye da kai. Na ga yaronmu ɗaya a wannan hali, ƙarfinsa ya ƙare yana faɗa da jirgi, iska tana jan sa nesa da inda ya ajiye mota, kuma filafilinsa ma ya bar shi a but don yana ganin feda ta wadatar. Wasu masunta ne suka jawo shi. Abin da ya kamata ya yi mai sauƙi ne: ya ɗaga wutsiyar ta fita daga ruwa gaba ɗaya, ya koma gaɓa da filafili. In igiyar ɗagawar ita ma ta ƙi, ya nufi wuri marar zurfi mafi kusa, ya sauka ya ɗaga ta da hannu ya ɗaure.

Gyaran a gida ake yi, kuma ba sai ka kai wa kowa ba. Abu na farko, kada ka zare tsohuwar igiyar. Wannan shi ne abin da kowane sabon zuwa ke yi, ya fizge ta ya jefar, sannan ya wuni yana cusa sabuwa cikin bututun da ba ya gani. Ka haɗa bakin sabuwar da bakin tsohuwar, ka naɗe da tef siriri yadda ba zai yi ƙulli ba, ka ja a hankali daga ɗaya ɓangaren, tsohuwar ce za ta shigo da sabuwar. In ta riga ta tsinke a ciki, ka samo igiyar roba ta injin yanke ciyawa, tana da tauri, ka tura ta ta ratsa bututun, ka liƙa mata sabuwar igiyar ka jawo. Kafin nan ka watsa ruwan famfo cikin bututun ya fitar da yashi, ka kuma leƙa ta murfin jirgin ka ga ko bututun ya zame daga mazauninsa, domin in ya zame ruwa na iya shiga ciki.

Irin igiyar da ka sa ita ce rabin aikin. Na roƙe ku, ku daina sa igiyar shanya ko ta nailan da ake sayarwa a kowane shago. Tana miƙewa in ta jiƙe, ka taka mataki wutsiya ba ta amsa ba. Ka nemi zaren Dyneema ko Spectra mai kaurin wanda ka cire, ba ya miƙewa, ba ya tsatsa. Aibinsa santsi: ƙullin da ka saba yi zai warware, don haka ka ƙara zagaye, ka bar ɗan saura, ka ƙona bakin da laita. In jirginka na waya ne, ka mayar masa da wayar da ba ta tsatsa, yawanci mai kaurin kashi ɗaya cikin 16 na inci, ka matse ta da zoben tagulla. Zoben alminiyam ba ya shiri da wannan waya a ruwan gishiri, yana rududdugewa. Kuma filaya ta gida ba ta matse zoben yadda ya kamata, ka ari ta aikin a wurin 'yan'uwa, akwai masu ita a cikinmu.

Wajen ɗaurewa, ka sauke wutsiyar ta miƙe sak a tsakiya, wani ya riƙe maka ita, ka daidaita matakan ƙafa biyu ko hannun sitiyarin a tsakiya, sannan ka ja kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Kada ta yi sako-sako, kada kuma ka ja ta kamar tsarkiyar garaya, sai matakan su yi tauri igiyar ta ci kanta da wuri. Ka sauya duka biyun rana ɗaya ko da guda ce ta tsinke, tunda tare suka tsufa. Ka gwada a tabki ko wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba kafin ka nufi tsakiyar mashigi.

Duk dawowa daga teku ka wanke wutsiyar da bakunan bututun da ruwan famfo, ka bi igiyar da yatsa ka ji ko ta fara gashi. A cikin jirgin kuma ka ajiye ragowar zaren, da maɗaurin roba, da ƙaramar wuƙa. Daren Juma'a ka rubuta a zaurenmu na WhatsApp inda za ka shiga ruwa da lokacin da kake sa ran fitowa, wanda kuma bai taɓa sauya igiyar nan ba ya yi magana, za a samu wanda zai zo garejinsa su yi tare.