Yadda Ake Tsara Magudanar Ruwan Sama Kafin Gini

Fara da awon tudu da kwari na filin, ka gano inda ruwa zai fita. Daga can ake tsara magudana, ana tahowa baya.

Sai lissafin ruwan: Q = C × i × A ÷ 360. Q yawan ruwan da ke zubowa ne da kubik mita (lita 1,000) a daƙiƙa, A faɗin fili ne a hekta, i ƙarfin ruwa ne da milimita a awa, C kuma kason da ƙasa ba ta shanyewa: kusan 0.9 a rufi da kankare, wajen 0.2 a ciyawa. Hekta 0.2 da aka shafe da siminti, a ruwan milimita 100 a awa, tana zubo lita 50 duk daƙiƙa. Bututun kankare mai faɗin milimita 225 a gangaren 1 cikin 100 lita 45 kawai yake ɗauka a daƙiƙa, don haka ɗauki mai 300. Nan ake yawan tsumulmula, damina kuma ta tona asiri.

Gudun ruwan kada ya gaza mita 0.75 a daƙiƙa, in ba haka ba yashi ya kwanta ya toshe. Sa ramin dubawa a duk inda bututun ya karya kwana.

Ƙasar jikin gini ta gangara kashi 5 cikin 100 a mita 3 na farko. Ramin shanye ruwa ya yi nisan mita 5 da harsashi. A ƙasar yumɓu kuwa bai cika amfani ba.