Darasi na 12: Zinaren Hamadar Nuba

A unguwanninmu na Gadarif, a nan Sudan, da an gama yankan riɗi an shigar da dawa, sai ka ga samari sun fara ɗaure kaya. Ka tambayi uwa ina ɗanta, ta ce ya yi arewa, wajen dahab, wato zinare. Haka abin yake a Mai Wurno da Kasala da Damazin. Da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane ko suruki a cikin dahhaba, wato masu haƙar zinare. Shi ya sa muka ware wa wannan hamada darasi guda. Mai tafiya ya san inda zai sa ƙafa, wanda ya zauna a gida kuma ya san abin da zai tambaya idan an bugo waya.

Ku karanta a hankali, biyu-biyu. Wanda ya fi ƙwarewa ya ja ɗan'uwansa.

Yadda ƙasar take

Buɗe taswirar da ke bangon aji. Sa yatsa a Khartum, ka bi Kogin Nilu zuwa arewa. Za ka wuce Shandi, ka zo Atbara. A nan Kogin Atbara yake zuba ruwansa, kuma daga nan har teku babu wani kogi da ke ƙara wa Nilu ruwa. Ci gaba zuwa Barbar, sannan Abu Hamad. A Abu Hamad sai kogin ya yi kwana, ya juya kudu maso yamma kamar ya fasa tafiyar, kafin ya sake miƙewa arewa ta Dungula zuwa Wadi Halfa.

Duk faɗin da ke gabas da wannan kwana, har zuwa duwatsun da suka yi wa Bahar Maliya katanga, shi ne Hamadar Nuba. Kada ku ɗauka rairayi ne zalla. Yawancinta tsakuwa ce da baƙaƙen duwatsu, da busassun kwaruruka waɗanda ake kira wadi ko khor. A Wadi Halfa akan yi shekaru ba a ga ruwan sama na kirki ba. Da Turawan Ingila suka shimfiɗa layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad a 1897, tafiyar sama da kilomita 300, ba su tarar da garuruwan da za su ara wa tashoshi suna ba. Sai suka sa musu lamba: Tasha ta 1, Tasha ta 2, har gaba. Wannan kaɗai ya ishe ku sanin irin wurin.

Amma ƙasar tana da masu ita. Kabilun Bija, irin su Bishariyin da Hadandawa da Amarar, suna kiwon raƙuma a waɗannan duwatsu tun kafin zuwan Larabawa. Su suka san rijiyoyi. Baƙon da ya raina su ya raina ransa.

Me ya kawo zinare nan?

Duwatsun nan tsofaffi ne ƙwarai, sun haura shekara miliyan 500. A can zamanin, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin ƙasa yana bin tsagogin dutse. Da ya huce, sai ya bar wani farin dutse mai tauri a cikin tsagar, wanda Larabawa ke kira marwa. Zinaren yana cikin wannan farin dutse. Dahhaba na ce wa layin nan irg, ma'ana jijiya, kuma sunan ya dace, don haka yake ratsa dutse, wani wuri ya yi kauri, wani wuri ya sirance, wani wuri ya ɓace ɗungum.

Wanda ya taɓa sauke farali zai so jin wannan. Duwatsun Hijaz da namu na Bahar Maliya asalinsu ɗaya ne. Ƙasa ce ta tsage, teku ya shiga tsakani. Saboda haka a Saudiyya ma akwai tsohuwar mahaƙa mai suna Mahd az-Zahab, a yankin Madina, wadda har yanzu ake aiki a cikinta.

Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19. Idan dutse ya marmashe, ambaliya takan kwashe ƙasa mara nauyi ta bar zinare kwance a gindin kwari. Irin wannan shi jihaz, na'urar nan ta neman zinare mai kuka, take ganowa kusa da saman ƙasa. Akwai kuma dutse mai ruwan ɗorawa da walƙiya da ke ruɗin sabon shiga. Gwajin ba wuya: a doke shi da guduma. Zinare zai baje ya yi faɗi. Wancan zai farfashe ya zama baƙin gari.

Waɗanda suka riga mu

Dahhaba sukan tsinci tsofaffin duwatsun niƙa a cikin kwaruruka, da bakin ramukan da rairayi ya cike. Na mutanen Fir'auna ne da waɗanda suka biyo bayansu. Sama da shekara 3,000 da suka wuce, sarakunan Masar suna kwasar zinare daga Wadi Allaƙi da Wadi Gabgaba. A harshensu sunan zinare nub. Aikin kuwa shi ne wanda kuka sani: a fasa dutse, a niƙa, a wanke. Daular Kush, wadda dalolinta ke tsaye a Bajrawiya kusa da Shandi, ta gaji arzikin, ta kuma yi suna wajen narka ƙarfe. Tarin kashin maƙerarta yana nan har yau.

Bayan zuwan Musulunci, Larabawan Rabi'a da Juhaina suka kwararo Wadi Allaƙi. Rikici ya tashi tsakaninsu da Bija, har Halifa Mutawakkil ya turo runduna a tsakiyar ƙarni na 9. A bakin tekun yankin ne tashar Aizab take, inda alhazai ke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, tun kafin zamanin Sawakin da kakanninmu suka sani.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar. A 1820 ya turo ɗansa Isma'il da sojoji, neman bayi da zinare. Suka ci Sinnar a 1821, suka nausa kudu zuwa Fazugli, bayan Rusairis. Zinaren da suka samu bai taka kara ya karya ba. Basha bai haƙura ba. A 1838, yana dab da shekara 70, ya taso da kansa daga Masar don ya gani da idonsa, ya koma ba tare da abin da ya sa rai ba. Mutane da yawa sun rasa rai da 'yanci saboda zinaren da labarinsa ya fi shi yawa. Ina so ku riƙe wannan, domin har yau labarin zinare yakan fi zinaren kansa kauri. Wanda ya tsinci dunƙule, duk Sudan sai ta ji. Mutum ɗari da suka dawo da bashi, ba mai ba da labarinsu.

Zamaninmu

A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa sun yi aiki a mahaƙar Jabait. A farkon shekarun 1990 kamfanin Ariab ya fara fitar da zinare a Hassai, cikin duwatsun Bahar Maliya. Amma guguwar da ta kwashi samarinmu ta taso ne wajen 2009, lokacin da farashi ya hau, jihaz kuma ta shigo kasuwa. A 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, sai idon gwamnati ya koma kan zinare. An buɗe matatar zinare a Khartum a 2012. A 2017 gwamnati ta sanar da cewa an haƙo tan 107. Mafi yawan zinaren Sudan daga hannun talakawa masu diga da shebur yake fitowa, kuma kasuwar Dubai ce ta daɗe tana shanye yawancin wanda ake fitarwa.

Zinare ya ciyar da gidaje, wannan gaskiya ne. Ya kuma jawo jini. A Jabal Amir, Arewacin Darfur, faɗa kan mahaƙa a 2013 ya ci ɗaruruwan rayuka. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 shi ma da kuɗin zinare ake hura masa wuta.

Ba zinare kaɗai ƙasar ta mallaka ba. Akwai gishiri da jibs a gaɓar Bur Sudan, farar ƙasar siminti a yankin Atbara, kurom a duwatsun Ingasana, tagulla a Ariab. Can yamma a hamada, a kan tsohuwar hanyar fatake ta Darb al-Arba'in, akwai kanwa a Atrun.

Zaiba

Nan ne nake so mu daɗe.

Ga yadda ake yi a kasuwanni irin su Abidiya da Abu Hamad. A kawo dutse cikin buhuna, a zuba a injin niƙa. A kai garin kwatami, mai wanki ya shiga ruwa har gwiwa, ya zuba zaiba yana cuɗawa da hannu. Zaiba tana kama zinare. A tace ta cikin ƙyalle, a matse, sai a sami ɗan curi fari-fari kamar ƙwallon magarya. A ɗora shi a cokali ko gwangwani a kan garwashi. Zaiba ta tashi, zinare ya rage. Sai kowa ya matso ya sunkuya don ya ga abin da Allah ya ba shi. Wannan sunkuyawa ita ce masifar.

Tururin zaiba ba shi da launi, ba shi da wari. Rawani ko ƙyallen da aka rufe hanci da shi ba ya tare shi. Yana shiga huhu, ya wuce jini, ya zauna a ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamominsa su ne rawar hannu, mantuwa, saurin fushi, rashin barci, da ciwon dasashi. Mai ciki da jariri su suka fi cutuwa.

Akwai wani ɗalibi da ya zauna a wannan aji bayan ya yi shekaru yana wanki. Ranar da muke koyon harafin ɓ, na ga fensir yana rawa a hannunsa, ƙugiyar harafin ta ƙi tsayuwa. Ya dafe hannun dama da na hagu, ya sake gwadawa. Na ce, "Ɗan'uwa, ko gajiya ce?" Ya ce, "A'a, Malam. Ko shayi sai an rage mini rabin kofi, in ba haka ba ya zube." Bai kai shekara 30 ba. Ya iya karatu daga baya, da naci, amma hannun bai daina ba.

In dole sai an ƙona, a yi a fili, nesa da bukkar kwana da wurin girki, mutum ya tsaya ta inda iska ke fitowa. Akwai rufaffen gwangwani mai bututu da ke kama tururin ya mayar da shi zaiba, kuma maƙeri zai iya haɗa shi. Yana kare huhu, yana kuma rage kuɗin sayen sabuwa. Kada a shigo da zaiba ɗaki. Kada a wanke kayan aiki tare da na yara. A 2019 gwamnati ta ba da umarnin daina amfani da zaiba da sinadarin sayanid mai guba a haƙar ma'adinai, amma har yanzu ana sayar da zaiba a kasuwannin. Ragowar ƙasar wanki, wadda ake kira karta, tana ɗauke da guba, don haka a hana dabbobi shan ruwan da ya taru kusa da ita.

Ku kuma tuna da 'yan'uwanmu na Zamfara. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a can, saboda ana kawo dutsen zinare cikin gida ana daka, alhali dutsen yana ɗauke da dalma. Dutsen mahaƙa ba ya shiga tsakar gida.

Rami da ruwa

A watan Disamba 2021 wata mahaƙa da aka rufe ta rufta a Yammacin Kurdufan, mutum 38 suka rasu. Tsohon rami ya fi sabo haɗari. Kada a shiga rami ba tare da wani a baki riƙe da igiya ba. Kada a saukar da janareta ƙasa, hayaƙinsa yana kashewa cikin barci. A jiƙa dutse kafin a fasa, don ƙurar farin dutse tana cinye huhu a hankali. Kada a kwana a tsakiyar khor da damina, ko da sama tana tas, domin ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yakan iso da dare.

Ruwa kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. A lissafa na zuwa, da na dawowa, da na kwanakin da mota za ta iya lalacewa. In ta lalace, a zauna a inuwarta. An fi saurin ganin mota a hamada fiye da mutum mai tafiya a ƙasa.

Aikin lissafi

Zinare tsantsa shi ne iyar 24. Iyar 21 na nufin kashi 21 cikin 24 ne zinare, sauran gauraye ne. Saboda haka giram 8 na iyar 21 yana ɗauke da giram 7 na tsantsa. To giram 16 fa?

Ga misali na koyo. Mutum 4 sun fitar da buhu 30. Kowane buhu ya ba da rabin giram. Niƙa da mota sun ci giram 3, ruwa da abinci giram 3. Mai rami ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Giram nawa kowane ma'aikaci zai samu? Ku yi a allo kafin ku duba amsa. Amsar ita ce giram ɗaya da rabi.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya rubuta wa wani nasa da ke arewa saƙo na layi biyar. A ciki ku tambaye shi abu uku: a ina ake ƙona zaiba, wa ke karanta sikeli ranar awo, kuma an rubuta yarjejeniyar rabo a takarda ko da baki aka yi ta. Ku zo da saƙon aji mu gyara haruffan tare kafin a tura.