Batirin sola a tsakar gida: kurakuran da ke kashe shi tun bai tsufa ba

Gidaje da yawa a Kano sun fitar da batiran sola daga ɗaki saboda warin asid da ƙarancin wuri. Fitarwar ba laifi ba ce. Wurin da ake kai su ne matsalar.

Mutum zai sayo batir biyu masu 200Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa) a Sabon Gari, ya kira mai walda ya ƙera masa akwatin ƙarfe, a rufe ruf da kwano, a danna kwaɗo, a jingina da bangon yamma inda rana ke duka tun azahar har la'asar sakaliya. Shi ɓarawo da ruwan sama yake tunani, bai san tanda ya gina ba. Batir mai ruwa ya fi jin daɗin zafi kusan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana cinye kusan rabin kwanansa. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa, balle cikin kwano. Ruwan batir ya riƙa ƙafewa da wuri, farantan dalma na ciki su lalace, sai a wayi gari wuta ba ta kai wa asuba, a ce mai shago ya sayar da jabu. Sau da yawa ba shi da laifi.

Gyaran ba tsada. A nemi lungun da inuwa ke daɗewa, ƙarƙashin bene ko rumfa. A gina ɗan ɗaki da bulo mai huda, a sa silin ko katako ƙarƙashin kwanon, a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin batir da batir.

Hudojin nan ba don sanyi kaɗai ba ne. Idan batir yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ba ta da wari, tana taruwa a sama, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta fashewa. Don haka a bar kafa a ƙasa da wata can sama kusa da rufi, a sa raga saboda ɓeraye da ƙadangaru. Kada a cusa inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, cikin akwati ɗaya da batir, tururin asid yana cin kayan cikinta. Janareta, murhu da tukunyar gas su ma su yi nesa. Amma kada gudun wannan ya sa a kai batir ƙarshen gida: a kan bolt 12 ko 24, doguwar waya siririya tana ɗaukar zafi tana zubar da wuta. Bango ɗaya tsakaninsu ya isa, batir a waje, inbata a ciki, waya gajera mai kauri.

Sai damina. Wanda ya ga yadda kwata ke cika ta dawo tsakar gida a watan Agusta ba zai ajiye batir a ƙasa ba. A ɗora shi kan benci mai ƙarfi ko dakali, nesa da indararo, kuma a tuna kowanne ya kai nauyin buhun siminti.

Ƙurar hunturu kuwa idan ta kwanta a kan batir ta haɗu da danshin asid, wuta na sulalewa ta cikinta a hankali. A goge da tsumma. Farin garin da ke taruwa a kawunan batir inda ake ɗaura waya, ruwan kanwa yana wanke shi, muddin bai shiga cikin ramukan zuba ruwan batir ba, sannan a shafa basilin.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne a rufe akwati a manta da shi wata shida. A riƙa duba ruwa duk wata, musamman da bazara. Ruwan batir tatacce za a ƙara, ba fiya wata ba, ba na rijiyar burtsatse ba, kuma ba asid ba. Idan an gama a mayar da kwaɗo, a ajiye makullin inda hannun yara ba ya kai.