Faifan DVD daga ƙasar waje ya ƙi yi? Ga yadda za ka gano dalili

Kafin ka ɗauki na'urarka zuwa wurin mai gyara, saka wani faifan da ka san yana yi. In ya yi, na'ura lafiyarta ƙalau, matsalar tana tsakaninta da baƙon faifan.

Juya bayan kwalin faifan. Za ka ga ɗan hoton duniya da lamba a tsakiyarsa. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya shida: 1 ta Amurka da Kanada, 2 ta Turai, Japan, Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu, 3 ta kudu maso gabashin Asiya, 4 ta Ostireliya da Latin Amurka, 6 ta Sin. Najeriya da Nijar suna 5, tare da Indiya da Rasha, kuma na'urar da aka kulle a shiyya ɗaya ba ta karɓar faifan wata shiyyar. Shi ya sa faifan asali da aka yo tsarabarsa daga Saudiyya kan ƙi yi, allo ya rubuta “Wrong Region”. Mai lamba 0 ko ALL ba ruwansa da shiyya. Gogewa ba ta maganin wannan. Sai na'urar da ke karɓar kowace shiyya, kuma yawancin ƙananan na'urori 'yan Sin haka suke fitowa. A kwamfuta kuwa a yi hattara: sau biyar kacal ake canza shiyya, daga nan ta kulle a kan ta ƙarshe.

In faifai ya tashi amma hoto fari da baƙi ne, ko yana gangarawa sama da ƙasa, wannan ba shiyya ba ce. Faifan Amurka da Japan tsarin NTSC ne, hoto kusan 30 a daƙiƙa, talabijin ɗin Najeriya kuma PAL, hoto 25. Cire faifan, danna Setup a rimot, shiga TV System. Tsohuwar talabijin mai ƙeya a saka mata PAL; ta bango a bar ta a Auto. Duba waya ma: rawayar in ta shiga koren rami, launi ba zai fito ba.

Hoto ba murya? Danna Audio ka bar tsarin murya na DTS ka koma na Dolby Digital, domin na'urori da yawa ba sa fitar da DTS ta jar waya da fara.

Sai “No Disc”, wanda ya fi yawa lokacin hunturu saboda ƙura. Goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye. In bai yi ba, zare wuta daga soket, kwance murfi, ka ɗiga sifirit a tsinken auduga ka shafi idon da ke karanta faifai a hankali, ka bari ya bushe. Kada hannunka ya je ɓangaren da wayar wuta ta shiga, yana riƙe caji ko bayan an zare. Na'urar da ke karanta CD da VCD amma ta ƙi DVD, galibi hasken DVD ɗin ne ya yi rauni, domin kowanne da nasa hasken. Idon za a canza.

Ɗan tsayawar da fim kan yi sau ɗaya a tsakiya ba lalacewa ba ce. Faifan mai hawa biyu ne, 8.5GB, ido yana tsallakawa hawa na biyu. Faifan Blu-ray kuwa na'urar DVD ba za ta taɓa karanta shi ba.