Yadda ake gane nau'in ƙasar gona da kwalba da ruwa

Manomi kan ce wannan jigawa ce, wancan fadama, kuma sau da yawa ido ba ya ƙarya. Amma kowace ƙasa gauraye ce ta abu uku, kuma yawan kowanne shi ke nuna yadda za ta riƙe ruwa da taki. Akwai yashi, mai girman milimita 0.05 zuwa 2. Akwai lallausar ƙasa, irin wadda hazo ke barin a bakin taga lokacin hunturu, daga milimita 0.002 zuwa 0.05. Sai yumɓu, wanda bai kai milimita 0.002 ba. Da yake babban ƙwaya ya fi saurin nutsewa a ruwa, kwalba ɗaya ta isa ta raba su.

A nemo kwalbar gilashi mai miƙaƙƙen jiki da murfi, kamar ta mayonis, da ruwa mai tsabta, da garin omo, da rula, da alƙalamin da ke rubutu a jikin gilashi. Kwalba mai ƙugu ko tumbi ba za ta yi ba, domin awon zai karkace.

A share ganye da kashin dabbobi daga sama, a haƙa zurfin santimita 15 zuwa 20. Kada a ɗebo daga wuri guda: a ɗauka daga wurare biyar ko shida a gonar, a gauraya. A shanya ta bushe, a murtsuke ɓurɓushin da hannu, a tsince tsakuwa da saiwoyi. A zuba ƙasar har ta kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a ƙara ruwa ya kusa cika, a sa ƙaramin cokali ɗaya na omo.

Nan ne akasari ake yin kuskure. Yumɓu yana manne wa juna, ya zama dunƙule-dunƙule masu nauyi, su nutse tare da yashi, sai mutum ya zaci ƙasarsa ta fi yashi fiye da gaskiya. Omon ne ke warware su, shi da girgiza mai ƙarfi ta minti uku zuwa biyar. Gishiri kuwa akasin haka yake yi, yana sa yumɓu ya dunƙule, don haka a guji ruwan rijiya mai zartsi. Ruwan sama ya fi.

A ajiye kwalbar inda ba za a taɓa ta ba. Bayan minti ɗaya a ja layi a saman abin da ya kwanta, wannan yashi ne. Bayan awa biyu a ja na biyu, lallausar ƙasa ke nan. Yumɓu sai an yi haƙuri, kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokacin fiye, har ruwan ya washe. Abin da ke yawo a sama ruɓaɓɓen ganye ne, ba ya cikin lissafi.

A auna tsayin dukan ƙasar da na kowane hawa. In duka santimita 10 ne, yashi 7, lallausa 2, yumɓu 1, to yashi kashi 70 ne cikin ɗari. Irin wannan ƙasa ruwa ke zarcewa cikinta ya tafi da takin zamani, shi ya sa ya fi kyau a raba yuriya kashi biyu ko uku maimakon a zuba gaba ɗaya, a kuma yawaita takin gida. Gero da gyaɗa da wake suna yi a cikinta. In yumɓu ya haura kashi 40, ƙasar za ta riƙe ruwa da damina, ta tsage da rani, kamar baƙar ƙasar yankin tafkin Chadi inda ake dasa dawar masakwa bayan ruwa ya janye. Kusan 40 na yashi, 40 na lallausa, 20 na yumɓu shi ne haɗin da yawancin amfanin gona ke so.

Gonar da ke da tudu da kwari a yi mata kwalba biyu, a jera su a kwatanta.