Darasi na Tara: Tsatsa Mai Gida Biyu

Duk manomin gero ya san tsatsa. Wajen ƙarshen damina za ka ga ganye ya yi ɗigo-ɗigo ja, in ka shafa sai gari ya maƙale maka a yatsa kamar jan ƙasa. Garin nan irin cutar ne, iska ke ɗaukarsa.

Abin da ba kowa ya sani ba, wata tsatsar gida biyu gare ta. Takan yi zango a kan wata shuka, sannan ta koma wata da ba su haɗa dangi ba. Ta gero, ɗaya gidan nata dangin gauta da yalo ne.

Yaya aka gane haka? Da gwaji. A ƙasashen sanyi akwai itacen katako mai ganye kamar allura, ana ce masa fayin. Tsatsa kan ci jikinsa har ya bushe. A 1888 wani masani a Jamus, Klebahn, ya ɗebi garin daga jikin itacen ya shafa wa ganyen wani ɗan tsiro mai suna ribes, sai cutar ta fito. Kafin shi, a 1865, Anton de Bary ya nuna cewa tsatsar alkama kan sauka a kan wata ƙaya mai suna barberi.

Kai ma za ka iya. Shuka gero a tukwane biyu, ka jira ya yi ganye huɗu. Nemo ganyen gauta mai tabo rawaya, wanda in ka juya bayansa za ka ga ƙananan ƙuraje masu gari. Da yamma ka yayyafa wa geron tukunya ɗaya ruwa, ka goga masa garin, ka rufe da farar leda ya kwana, don cutar sai da laima take kamawa. Ɗaya tukunyar kuwa, ruwa da leda kawai za ka ba ta, ka ajiye ta nesa. Nan mutane ke yin sakaci. In babu tukunya ta biyu, wa zai ce ba iska ce ta kawo tsatsar ba?

Duba kullum har mako biyu, ka rubuta ranar da ɗigo ya fara fitowa.

Amma kada ka ruga ka tumɓuke gautar maƙwabcinka a fadama. Tsatsa kan tashi daga gero zuwa gero ko babu gauta kusa. Kai wa malamin gona tukwanen biyu da takardarka ya duba.